Malami Ɗaya, Kwamfuta Arba'in: Zaɓen Manhajar Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da ke neman gurbin karatu a jami'a ta hannun hukumar JAMB a gaban kwamfuta yake zama ya amsa tambayoyinsa, bayan da hukumar ta soma gwada wannan tsari a 2013. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zauna jarrabawa a ƙashin kansu. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a Gwarzo ko Getso, ko Kabo ko Garo, ba shi da wani zaɓi illa ya saba da madannai da linzamin kwamfuta tun yana aji huɗu, in ba haka ba ranar jarrabawa ya ga lokaci yana gudu alhali yana laluben inda zai danna.

Samun na'urorin kansu rabin aiki ne. Sauran rabin yana wuyan malami. A ɗakin da aka jera kwamfuta arba'in, malami ɗaya ba zai iya tsayawa a bayan kowane yaro ba. Kafin ya warware matsalar wanda ke layin gaba, na layin baya sun ɓace, wani ya rufe darasin, wani kuma ya shiga wasan kati. Ga shi kuma mai gyaran da makaranta ta dogara da shi yakan zama yana birnin Kano, tazarar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Masana kimiyyar kwamfuta sun daɗe da samar da maganin irin wannan wahala, wato manhajar da ke bai wa mutum damar ganin allon wata kwamfuta a kan tasa, har ya sarrafa ta kamar yana zaune a gabanta.

Asalin Wannan Fasaha

A ƙarshen shekarun 1990, wasu masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanonin Olivetti da Oracle da ke garin Kambirij na ƙasar Ingila suka ƙirƙiro wata manhaja mai suna VNC, suka kuma sake ta kyauta a 1998 tare da bayanin yadda aka gina ta, domin kowa ya duba ya gyara. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Microsoft ya fito da tasa hanyar mai suna RDP. Galibin manhajojin kyauta da ake amfani da su a yau ko dai 'ya'yan ɗayan waɗannan biyu ne ko kuwa sun koyi darasi daga gare su.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana sanya wani ɓangare na manhajar a kwamfutar da za a leƙa, ɗaya ɓangaren kuma a kwamfutar mai leƙawa. Ta farko tana aika hoton allonta, ta biyu kuma tana mayar da saƙon duk abin da aka danna. Wahalar tana wajen nauyin hoton. Allo mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan ɗaya, kowane ɗigo kuma yana cin bit 24, wato kimanin megabit 25 a hoto guda. Wayar sadarwa mai ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa ba za ta wuce hoto huɗu a daƙiƙa ba, ko da kwamfuta ɗaya tak take yi wa hidima. Dabarar da masu VNC suka yi ita ce aika wurin da ya canja kaɗai, bayan an matse shi. Idan ɗalibi ya rubuta harafi ɗaya, ɗan gurbin wannan harafin ne zai bi waya, sauran allon yana nan yadda yake. Wannan ne dalilin da ya sa rubutu da lissafi suke tafiya sumul, amma hoton bidiyo ya riƙa sarƙewa.

Abubuwan da Za a Duba Kafin Zaɓe

Abu na farko shi ne ko manhajar za ta yi aiki ba tare da intanet ba. Kwamfutocin ɗaki ɗaya da aka haɗa da waya ko da iska ta hanyar akwatin mahaɗa suna iya magana da juna ko da babu ko ɗigon data. Wannan ake kira sadarwar cikin gida. Akwai manhajoji, irin su Chrome Remote Desktop, waɗanda sai sun kai saƙo can wata babbar kwamfuta a ƙetare kafin su haɗa na'urori biyu da ke kan teburi ɗaya. A makarantar da kuɗin data ke fitowa daga aljihun malami, kuma layin waya ke ɗaukewa ba sallama, irin wannan ba ta da amfani.

Na biyu shi ne ma'anar kalmar kyauta. TeamViewer da AnyDesk, waɗanda kamfanonin ƙasar Jamus suka yi, sun shahara ƙwarai, amma kyautarsu ta tsaya ga mai amfanin kansa a gida. Hukuma ko wurin sana'a ana son su sayi lasisi. VNC da danginta irin su TightVNC da TigerVNC da UltraVNC kuwa suna ƙarƙashin lasisin da ya halatta wa kowa ya kwafa ya raba, ko a kwamfuta nawa ne.

Na uku shi ne bambancin na'urori. Ɗakin kwamfuta a makarantun karkara ba kasafai yake zama iri ɗaya ba, domin wannan gwamnati ce ta kawo, waccan tsofaffin ɗalibai ne suka ba da. Wata tana ɗauke da Windows 7, wata Windows 10, wata kuma an sa mata Linux don ta tsufa. A nan VNC take da fifiko, saboda dukkan 'ya'yanta harshe ɗaya suke ji: kwamfutar Linux tana iya leƙa ta Windows, wayar Android ma tana iya leƙa su duka.

RDP ta fi VNC sauri a mafi yawan lokuta, amma tana da cikas biyu ga mai koyarwa. Nau'in Windows na gida, wanda ake wa laƙabi da Home, ba ya karɓar baƙo ta wannan hanya. Sa'annan idan malami ya shiga kwamfutar ɗalibi da ita, allon ɗalibin kullewa yake yi, ba zai ga abin da ake nuna masa ba. Ta dace da mai gyara, ba ta dace da darasi ba.

Wacce Ta Dace da Aji?

Akwai manhajar da aka gina musamman don ɗakin karatu, sunanta Veyon. Wani Bajamushe mai suna Tobias Junghans ne ya jagoranci aikinta, ta kuma gaji wata tsohuwa mai suna iTALC a 2017. A kan VNC aka ɗora ta, tana aiki a Windows da Linux, ba ta kuma bukatar intanet. Malami yana ganin allunan ɗalibansa duka a jere kamar hotunan fasfo. Yana iya haska nasa allon a gaban kowa, ya kulle madannai idan yana son a saurare shi, ya kuma kashe na'urorin gaba ɗaya da dannawa guda kafin a kashe janareta. Ga wanda bukatarsa ita ce gyara kwamfuta ɗaya daga ofishin shugaban makaranta, TigerVNC ko TightVNC sun wadatar. RustDesk ma kyauta ce, tana kuma aiki a waya, sai dai dole a saita ta ta riƙa haɗawa kai tsaye da lambar adireshin kwamfuta, don kada ta nemi intanet.

Tsaro da Amana

Ƙofar da malami ke shiga, ɓarawo ma yana iya shiga ta nan. VNC tana saurare a ƙofa mai lamba 5900, RDP kuma a 3389, kuma masu kutse a faɗin duniya sun san waɗannan lambobi. A watan Mayu na 2019 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a RDP da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ke bai wa baƙo damar ƙwace tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Tun Janairun 2020 kamfanin ya daina kula da Windows 7, ya kuma janye kulawar yau da kullum daga Windows 10 a Oktoban 2025. Haka kuma tsohon tsarin kalmar sirri na VNC haruffa takwas na farko kaɗai yake dubawa. Don haka wajibi ne a bar waɗannan ƙofofi a cikin sadarwar makaranta kawai, kada a buɗe su ga intanet, kuma kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa kada a sa mata manhajar sam.

Akwai kuma haƙƙin ɗalibai. Leƙen allon mutum ba da saninsa ba cin amana ne, ko da yaro ne. Kyautatuwa ya yi a sanar da kowane aji tun ranar farko cewa malami yana ganin abin da ake yi, kuma a taƙaita leƙen ga lokacin darasi.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ke son gwadawa sai ta ware kwamfuta uku, ta malami da biyu na ɗalibai, ta sa a kwafo mata manhajar a ɗan filashi daga inda ake da intanet, ta gwada na mako guda a lokacin hutu. Idan aka ga ta zauna, sai a bi sauran na'urorin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lambar adireshin kowacce a littafi, a kuma koya wa malamai aƙalla biyu yadda ake sarrafa ta, domin kada a yi wa ɗaya canjin wurin aiki ilmin ya tafi tare da shi.