Shirin Musamman: Ciwon Jijiyar Ƙafa da Mugun Mafarki

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Shirinmu na musamman na yau a kan masu fama da ciwon jijiyar ƙafa ne, wanda likitoci ke kira sayatika. Wasunsu kuka biyu suke yi: da rana ƙafa ta hana su sakat, da dare kuma mugun mafarki ya tashe su a firgice, jiki sharkaf da gumi. To, me ya haɗa ƙafa da mafarki?

Wannan jijiya ita ce mafi tsawo da kauri a jikin ɗan Adam. Daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, ta ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya, rassanta su sauka har tafin ƙafa. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai faifan guringuntsi. Idan ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar, sai zafi ya riƙa fizgar mutum daga ƙugu zuwa ƙafa, galibi ɓangare ɗaya, wani sa'in har da sagewa. Likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, su ne suka bayyana wannan dalili a 1934.

Jijiyar ba ta ƙirƙirar mafarki, wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Amma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta hanya uku ciwon ke tsaga barci.

Ta farko, yawan farkawa. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90. A cikinsa akwai matakin da idanu ke motsi a ƙarƙashin fatarsu, wanda aka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A nan mafarki ya fi ƙarfi, kuma matakin ya fi tsawo gab da asuba. Mai barci lafiya yakan wayi gari ya manta yawancin abin da ya gani. Wanda kuwa zafi ya fizge shi lokacin juyi, a tsakiyar mafarki yake tashi, komai na nan daram a kansa. Zafin ma yakan kutsa cikin mafarkin. A 1993, Tore Nielsen da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun matse ƙafar masu barci da madauri mai iska, sai ga wasu sun ba da labarin jin zafi a mafarkinsu. Saboda haka wanda ya ga kare ya cafke masa ƙafa, mai yiwuwa jijiyarsa ce ke kuka. Gari na wayewa kuma, jikin da bai sami barci ba ya fi jin ciwo.

(Ɗan kiɗa)

Hanya ta biyu ita ce magani, kuma nan ne abin ya fi shafarmu. Lebura, manomi ko ɗan acaba da bayansa ya riƙe yakan nufi kemis ya sayi tiramadol don kada aiki ya tsaya. Tiramadol da kodin suna danne matakin mafarki. Ranar da mutum ya daina sha kwatsam, sai matakin ya dawo da ƙarfinsa, mafarkai su yi ta zuwa masu tayar da hankali. Hatta amitriptyline da pregabalin, waɗanda akan rubuta wa masu ciwon jijiya, baƙon mafarki na cikin illolin da aka san suna iya kawowa.

Ta uku, damuwa. Magidancin da ya kwanta yana lissafin cefane da kuɗin makaranta, ga fargabar kada ƙafar ta shanye, da wannan nauyin yake shiga barci.

Jama'a, mai mugun mafarki ya riƙe addu'arsa da neman tsari, amma kada ya yi saurin zargin maƙwabci da sammu. Ya gaya wa likita zancen mafarkin ba tare da jin kunya ba, ya kuma faɗi duk ƙwayar da yake sha, domin wani lokaci sauya magani ko lokacin shansa ya wadatar. Kada ya ƙara, kada ya yanke da kansa.

In za a kwanta ta gefe, a sa filo tsakanin gwiwoyi. In rigingine ne, a sa shi ƙarƙashinsu. Da rana a riƙa ɗan tattaki, don yini a shimfiɗa ba ya gaggauta sauƙi. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6 ba tare da tiyata ba.

Sai dai akwai alamun da ba a kwana da su a gida: fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa kufcewa, tsakanin cinyoyi ya sage, ko ƙafafu su yi rauni. Wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti nan take. Idan kuma ciwon baya ya haɗu da zazzaɓi, gumin dare da rama, a je a duba, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Wanda ke da irin wannan majinyaci a gida, ya tambaye shi yadda ya kwana da gaske, ya kuma raka shi wurin likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A nan muka kawo ƙarshen shirin, sai mun sake saduwa. Mu kasance lafiya.

(Kiɗan rufewa)