Tarihin Gwajin Mota: Madubin Mai Sayen Ta Hannu a Ingila

A Ingila, doka ta wajabta wa galibin motocin da suka cika shekara 3 gwajin lafiya sau ɗaya a shekara, wanda aka fi sani da MOT. An soma shi a 1960, kuma tun 2005 ake adana sakamakonsa a kwamfuta. Da lambar mota kaɗai, mai saye zai iya duba tarihin kyauta a intanet kafin ya ba da kuɗinsa.

Abin lura na farko shi ne yawan mil da aka rubuta a kowane gwaji. In adadin bana ya gaza na bara, akwai alamar an taɓa mita don a ɓoye wahalar da motar ta sha. Na biyu kuwa shi ne gargaɗin masu gwaji: tsatsa ko lalacewar birki da ke maimaituwa shekara bayan shekara na nuna mai motar ba ya gyara sai dole.

Sai dai gwajin ba ya duba lafiyar inji, kuloci da giya, waɗanda gyaransu ke cin kuɗi sosai. Don haka ko tarihin ya yi kyau, ciniki ba ya faɗawa sai bakanike ya duba.