Rubutun kiɗa a kwamfuta: abin da ke sa takarda ta lalace wajen fotokopi

Tun ranar 22 ga watan Yuni na 2023, da majalisar dokokin Nijar ta amince da sabon taken ƙasa, L'Honneur de la Patrie, a madadin La Nigérienne na 1961, aikin koya wa yara sabuwar murya ya hau kan malaman lakkwal. Yawanci da kunne ake koyo, kamar yadda mai gurmi ke koya wa yaronsa. To amma wanda ya iya solfej, ko mushe ne a Tajaye ko mai jagorar mawaƙan coci a Galmi, yakan so ya ga waƙa a rubuce bisa layuka biyar, ya raba wa mutanensa.

Yau wannan rubutu a kwamfuta ake yin shi. MuseScore kyauta ce, tana kuma da Faransanci. Sibelius da Dorico na kuɗi ne in ana son cikakkunsu, Finale kuwa masu ita sun daina sayar da ita a watan Agusta na 2024. Zuba sautuka bai cika ba da wuya ba. Inda ake kuka shi ne shafin: kalmomi sun hau kan alamun kiɗa, ko kuma an dawo daga Ƙonni da kofi hamsin, kowanne an yanke masa ƙarshen layi. Kuɗin mota da na fotokopi sun tafi, kuma yaro zai rera abin da ya gani.

Matsalar daga girman takarda take farawa. Takardar da ake sayarwa a nan A4 ce, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Waƙoƙi da yawa da ake saukowa da su daga intanet an tsara su ne a kan takardar Amurka, wadda ta fi tamu faɗi da kusan milimita 6, ta kuma gaza ta tsawo da kusan 18. In ba a canza ba, gefe ne ke tafiya. Saboda haka a shiga saitin shafi a zaɓi A4 tun ba a rubuta ko ɗigo ɗaya ba. Injin bugawa ba ya kai tawada bakin takarda, injin fotokopin da ya tsufa kuma yakan karkatar da ita. A bar filin milimita 15 a kowane gefe, a ƙara a hagu in za a ɗinke. Rowar takarda ce ke sa wasu matse gefen nan, kuma a ganina ita ce rowar da ta fi tsada.

Sai batun cin karo. Tun fitowa ta 3, a Disamban 2018, MuseScore tana raba alamu da kanta don kada su taɓa juna, abin da take kira placement automatique. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama alama da linzamin kwamfuta a ja ta gefe. Nan take za ta yi kyau, amma ranar da aka ƙara baiti guda, komai ya sake rikicewa. Gara a rage tazarar da ke tsakanin layukan nan biyar kaɗan, daga wajen milimita 1,75 zuwa 1,6, ko a karya layi da wuri, gaɓar kiɗan da ta yi yawa ta sauka ƙasa. Kada dai a ƙanƙanta har mai rera da fitilar hannu ya kasa gani.

Waƙar Hausa tana da tata rigima. Kowace gaɓar kalma sai ta zauna ƙarƙashin sautinta, kuma gaɓa irin "ƙwar" ko "tsan" ta fi "a" cin wuri nesa ba kusa ba, don haka layin da ya ɗauki Faransanci lafiya yana iya cushewa da Hausa. Ga kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ba kowane salon haruffa ke da su ba. Charis SIL na da su duka. A zaɓe shi, a fitar da aikin a PDF kafin a sa a kile, domin kwamfutar mai shago kada ta maye su da ƴan akwatuna. A can kuma a fara buga shafi ɗaya tak, a duba gefuna huɗu, sannan a ce ya ci gaba.