Hular Gashi: Yadda Za A Ɗinka Ta A Gida, A Kuma Sabunta Tsohuwa

Duk sa'ad da Kirsimati ko lokacin bukukuwan aure ya gabato, shagunan gyaran gashi sukan cika maƙil, farashi kuma ya haura. Tun daga watan Yuni na 2023 da gwamnati ta daina riƙe farashin naira, dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin gashin kanti da kayan haɗa shi daga waje ake shigo da su. Duk da haka, a gidajenmu da yawa akwai tsohon wibon da aka kwance aka cusa a leda. Wannan gashi dukiya ne. Mace mai allura da zare da haƙuri za ta iya mai da shi hular gashi, wadda ake kira wik, ta yi ajiyar kuɗi, ta kuma ba gashin kanta hutu.

Zancen hutun nan ba ƙaramin abu ba ne. A wani binciken da aka wallafa a 2007, wata likitar fata ta Jami'ar Cape Town, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun duba kawunan mutane a unguwar Langa ta Afirka ta Kudu, suka tarar kusan mace 32 cikin 100 gashinta ya zube saboda yawan ja, musamman a goshi da gefen kunne. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta sa man miƙar da gashi, sa'an nan ta ɗora masa kitso mai tsauri ko ƙarin gashi. Idan aka lura da wuri gashin yakan sake fitowa, amma idan aka shekara da shekaru ana ja, saiwar takan mutu, sanƙo ya zauna. Wibon da aka ɗinka a kai yana ja dare da rana har makonni, ita kuwa hula ana cire ta da yamma, kai ya sha iska.

Ki san irin gashin da ke hannunki

Gashin kanti iri biyu ne, kulawarsu kuma ba ɗaya ba ce. Akwai na mutum, akwai na roba. Kaso mai yawa na gashin mutum daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar haikalin Tirumala a jihar Andhra Pradesh suke aske kansu don cika wa'adi, hukumar haikalin kuma ta yi gwanjon gashin. Birnin Xuchang na ƙasar Sin shi ne babbar cibiyar sarrafa shi. Saboda haka sunayen nan na “ɗan Brazil” da “ɗan Peru” galibi sunayen kasuwa ne kawai. Na roba kuwa zare ne na masana'anta. Sanannen cikinsu shi ne Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na Japan ya fito da shi a 1957.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A cire sili biyu ko uku, a kai su bakin ashana. Gashin mutum yakan ƙone da ƙauri irin na babbakar kan rago, ya bar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri, yana warin ƙonanniyar leda. Wasu 'yan kasuwa sukan gauraya biyun, don haka a gwada daga wurare daban-daban na ƙullin. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Kayan aiki da awo

Ana bukatar hular raga mai miƙewa, da kan roba irin na masu shagon gyaran gashi, da allura mai lanƙwasa, da zaren ɗinkin wibon mai ƙarfi, da fil-fil na kafe hula, da almakashi, da alli, da robar ɗauri mai faɗi. Sai kuma ɗan yankin ragar nan mai gashi da tsaga, wanda ake kira kulosha, da shi ake rufe tsakiyar kai. Wanda aka fi samu inci 4 ne tsawo da faɗi. Ƙullin wibon ɗaya yakan kai giram 100. Ƙulli uku sun isa hula mai matsakaicin tsawo, amma idan gashin ya wuce inci 20 a nemi na huɗu, domin dogon gashi layinsa gajere ne.

Kafin kome a yi kitso kwantacce zuwa baya, sa'an nan a auna kewayen kai daga goshi, ta bayan kunne, zuwa ƙeya. Matsakaicin kai yakan kai inci 22 zuwa 22 da rabi. Yawancin kawunan roba ba su kai haka ba, kuma hular da aka ɗinka a kan ƙaramin kai za ta matse mai ita. Sai a naɗe kan robar da tsumma da salatif har ya kai awon, a rufe da leda don kada allura ta kama tsumman.

Ɗinkin kansa

A ɗora hular raga a kafe ta da fil. A fara da kulosha: a daidaita ta a gaba, bakinta ya ɗan wuce bakin hular, a ɗinke gefe biyu da baya, a bar gaban. Bayan haka a zana layuka da alli daga ƙeya zuwa sama, tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu. A soma ɗinki daga ƙeya da ƙullin da ya fi tsawo, daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka kai ƙarshen layi kada a yanke, a ninka a dawo, a danne wurin ninkin da ɗinki biyu ko uku don ya kwanta. Duk inda aka yanka layi, daga nan gashi yake fara zuba. A kula kuma kada allura ta riƙa huda robar bakin hular, domin idan aka ɗinke ta ba za ta ƙara miƙewa ba.

Sa'ad da aka wuce tsayin kunne, layukan za su riƙa lanƙwasa suna kewaye kulosha, ana kuma rage tazara don kada raga ta bayyana. Layi na ƙarshe ya manne da bakin kulosha. Daga nan a juya hular, a yanke ragar da ke ƙarƙashin kulosha a hankali ba tare da taɓa zaren ba, don tsagar ta yi kama da fatar kai. A ƙarshe a ɗinka robar ɗauri daga kunne zuwa kunne ta ƙeya. Idan robar ta yi daidai babu bukatar gam. Gam da ƙananan matajai da ake maƙalawa a goshi su ma suna cin gashin gaba, sai ya zama an gudu ba a tsira ba.

Sabunta tsohuwa

Tsohon wibon ko tsohuwar hula, aikin farko ɗaya ne. A tsince ragowar zare da gam, a warware gashin da mataji mai manyan haƙora, ana farawa daga baki ana hawa zuwa gindi. Idan na mutum ne, a wanke da shamfu da ruwan ɗumi, ana shafawa ƙasa ba tare da cuɗawa kamar wanki ba. A sa man laushi, a ƙulle a leda kamar rabin sa'a, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Kada man ya taru a ragar kulosha, domin yana kwance ƙullin silin. Wannan gashi ba ya samun maiƙo daga fatar kai, shi ya sa yake bushewa da hunturu. Ɗigon mai mara nauyi a tafin hannu ya isa.

Na roba kuwa ruwan sanyi yake so, kuma ba a kai masa ƙarfen miƙar da gashi sai in an rubuta a kwalinsa cewa yana jure zafi. Bakin da ya cukurkuɗe a datse shi da almakashi. Doguwar hula da ta gaji takan zama kyakkyawar gajera. Irin Kanekalon ana naɗe shi a rola, a tsoma a ruwan zafi, a bar shi ya bushe sarai kafin a warware, sai ya riƙe lanƙwasar. A yi wannan nesa da yara. Idan sabon gashin roba yana sa ƙaiƙayi, mata da yawa sukan jiƙa shi a ruwa da ɗan binega kafin amfani. In ƙaiƙayin bai daina ba, ko ƙuraje suka fito, a ajiye shi.

Kan da ke ƙarƙashi

Hula ba ta ɗauke wa kai wanka. A riƙa wanke gashi, a bar shi ya bushe kafin a rufe, domin damshi da zafi suna ƙara amosani da wari. Kitson ƙasa kada ya yi tsauri. Kitson da ya hana barci ya yi yawa. Aron hula a lokacin biki al'ada ce tsakanin ƙawaye, amma makero da ƙwarƙwata suna bin ta, don haka a wanke kafin a sa, a wanke kafin a mayar.

Muna ba ƙungiyoyin Zumuntar Mata shawara su duba wannan sana'a a cikin abubuwan da suke koyarwa, kusa da ɗinki da saƙa da yin sabulu. Jarinta kaɗan ne, kan roba ɗaya zai isa mata da yawa su koya bi da bi, kuma gyaran tsofaffin huluna kaɗai aiki ne da ake biya. Hula ta farko ba za ta yi kyau kamar ta biyar ba, saboda haka a koya da tsohon gashi kafin a taɓa sabo. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.