Tsiron Insulin Da Ciwon Sukari: Kada A Saki Reshe A Kama Ganye

A cikin 'yan shekarun nan wani tsiro ya yi suna a bakin masu fama da ciwon sukari, tun daga ƙasar Indiya har zuwa biranen ƙasar nan, inda masu sayar da furanni da masu maganin gargajiya suke tallarsa da sunan "tsiron insulin". Abin da ake faɗi a kansa mai daɗin ji ne ƙwarai da gaske: wai mutum ya tsinki ganye ɗaya kowace safiya ya tauna, shi ke nan sukarinsa ya sauka. Ga wanda kuɗin allura da na ƙwayoyi suka gallabe shi, lalle wannan albishir ne babba. To, amma da yake al'amarin na rai ne, ya kamata a tsaya a rarrabe tsakanin abin da aka tabbatar da abin da ake zato.

Ba abin mamaki ba ne da mutane suka yi caa a kan wannan ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a shekarar 2022, kuma fiye da rabinsu ba su shan wani magani. Wanda ruwa ya ci kuwa, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

ASALIN TSIRON

Ainihin wannan tsiro daga dazuzzukan gabashin Brazil yake, a Amurka ta Kudu. Masana tsirrai suna kiransa Chamaecostus cuspidatus, ko kuwa Costus igneus. Ɗan'uwan citta ne, tsawonsa kamar ƙafa biyu, ganyensa masu kauri suna kewaya kara kamar matakalar bene mai murɗawa, furensa kuma ruwan goro ne. Akwai wani ɗan'uwansa mai suna Costus pictus, mutumin ƙasar Meksiko, wanda ya fi shi tsawo, furensa rawaya da ratsin ja. Dukansu biyu suna son inuwa da damshi, ana kuma dasa su daga kara kamar yadda ake dasa rake.

An kai su Indiya ne domin ƙawata gidaje. A jihohin kudancin ƙasar, watau Kerala da Karnataka da Tamil Nadu, mutane suka shiga tauna ganyen saboda sukari, wasu kuma su shanya shi su daka, su riƙa shan garin. Can ne sunan "insulin" ya bi shi. Jama'a ne suka raɗa masa, ba likitoci ba. Har ila yau ba shi kaɗai ke amsa sunan ba: a Brazil akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira da shi, a Indonesiya ma akwai wani dabam. A kurmin kudancin Nijeriya kuma akwai wani ɗan dangin, Costus afer, wanda Yarbawa ke kira ireke omode, Ibo kuma okpete, an daɗe ana magani da shi. Saboda haka mai saye a kasuwa ba lalle ne ya san wane ganye aka damƙa masa ba.

MENE NE INSULIN?

Insulin wani sinadari ne da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take fitarwa. Aikinsa kamar na mabuɗi ne: shi ke buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka, ya zama ƙarfi. In mabuɗin ya ɓace, ko kuwa kwaɗon ya ƙi jinsa, sai sukari ya taru a jini, mutum ya yi ta fitsari da ƙishirwa da rama.

Ciwon iri biyu ne manya. A iri na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina yin insulin, sai an ba shi daga waje. A iri na biyu, wanda ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, jiki yana yi amma ba ya wadatarwa, ko kuma ba ya aiki sosai.

Kafin shekarar 1921 yaron da iri na ɗaya ya kama ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar tatso insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya tashi daga gargarar mutuwa. Dalilin da ya sa har yau ake yinsa ta allura shi ne, in an haɗiye shi ciki narkar da shi yake yi kamar yadda yake narkar da nama. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya kafin ya yarda cewa ganyen da aka tauna zai tsaya a matsayin allura.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Ba za a ce ganyen banza ne ba. Masu bincike, galibinsu a jami'o'in Indiya, sun gwada ruwansa da garinsa a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon sukari, sun kuma ga sukarin ya ragu. An sami sinadarai a cikinsa waɗanda ake kyautata zaton suna rage saurin juyewar abinci zuwa sukari a hanji, ko kuwa suna taimakon tsoka wajen jan sukari. A shekarar 2010 wasu likitoci a kudancin Indiya sun ba da rahoton cewa sukarin wasu marasa lafiya masu cin ganyen ya sauka.

Sai dai mutanen da aka duba kaɗan ne, suna kuma shan magungunansu na asibiti a lokacin. Ɓera ba mutum ba ne, mutum kaɗan kuma ba su isa hujja a kan miliyoyi ba. Magani ba ya karɓuwa sai an gwada shi a kan jama'a masu yawa, an kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, an san adadin da za a sha da illar da ke biye. Wannan mataki ne tsiron insulin bai taka ba.

Tarihin ƙwayar metformin, wadda ita ce aka fi ba masu iri na biyu a duniya, abin lura ne a nan. Asalinta daga wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis, wanda mutanen da suke sha saboda yawan fitsari. Da aka bincika sai aka tarar yana rage sukari, amma kuma yana da dafi, har yakan kashe tumaki. Sai da masana suka yi shekaru suna aiki kafin likita Jean Sterne na Faransa ya gwada metformin a kan mutane a shekarar 1957. Ashe ke nan tsiro yana iya haifar da magani na gaske, amma sai ya bi ta hannun masu awo. Irin wannan aiki ne aka kafa cibiyar NIPRD ta Abuja dominsa.

INDA HATSARIN YAKE

Hatsari na farko, wanda ya fi kowanne muni, shi ne mutum ya ajiye allurarsa saboda ya sami ganye. Mai iri na ɗaya in ya yi haka, cikin 'yan kwanaki jininsa zai gurɓace, ya shiga amai da numfashi sama-sama, ya suma, in ba a gaggauta kai shi asibiti ba sai dai gawa. Mai iri na biyu kuwa yana iya jin garau alhali sukari na cin idonsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa a ɓoye, sai ranar da gyambo ya ƙi warkewa.

Na biyu, in ganyen yana aiki, haɗa shi da allura ko da ƙwaya irin glibenclamide yana iya faɗar da sukari ƙasa da ƙima. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa, jiri, faɗuwar gaba da ruɗewa. Wanda ya ji haka, ko ya ga awonsa ya gaza 70, ya sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma nan take, sa'an nan ya nemi likita.

Na uku, ganyen yana da tsami, tsamin kuwa yana da nasaba da sinadarin okzalet, wanda akan gargaɗi masu ciwon ƙoda da masu tsakuwar ƙoda a kansa. Wasu kuma yakan ɓata musu ciki. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara su nisance shi.

Game da garin da ake sayarwa a kwalabe da ƙunshi, a sani cewa lambar da hukumar NAFDAC take ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce.

ABIN YI

Babban mutum mai iri na biyu wanda ransa ya biya ga ganyen, kada ya ɓoye wa likitansa, kada kuma ya rage ko ƙwaya ɗaya da kansa. Ya riƙa auna sukarinsa da safe kafin ya karya kumallo, yana rubutawa, domin gani ya kori ji. Awon da ya kai 126 ko ya wuce a wannan lokaci, in an maimaita an sami haka, shi ne iyakar da likitoci suke tabbatar da ciwon a kanta. Daɗin daɗawa ya rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba, ya yawaita ganye da wake, ya yi tafiyar ƙafa ta kamar minti 30 a yawancin ranakun mako, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Mai yiwuwa ne wata rana bincike ya fitar da wani alheri daga wannan tsiro, kamar yadda ya fitar daga waninsa. Kafin zuwan ranar, suna kawai ya ara daga insulin. Allura da ƙwaya da awo da kiyaye abinci su ne reshe, wanda ya sake su ya kama ganye kuwa, ƙasa ce za ta tare shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.