Ƙarfe ɗaya a rumfar abincin makaranta

Da ƙarfe ɗaya na rana, rumfar abinci ta wata firamare da ke gindin benayen talakawa a Kuala Lumpur takan cika maƙil. 'Yan safe sun tashi, 'yan yamma suna shigowa, domin makarantu da dama a Malesiya kashi biyu suke yi saboda ƙarancin azuzuwa. Wasu daga nan makarantar allo irin tasu, wato KAFA, za su wuce, sai la'asar su ga gida.

Layi biyu ne a rumfar. Yaron da ya zo da kuɗin tara yana nuna abin da yake so da yatsa: shinkafa kaɗan, ƙwai, ban da yaji. Ɗaya layin na 'yan RMT ne, shirin ciyar da 'ya'yan marasa ƙarfi da gwamnati ta fara a 1979, wanda aka ƙara kuɗinsa zuwa ringgit 3.50 kan kowane yaro a 2023. Su an riga an zuba musu. Yau nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, gobe soyayyar taliya. Ɗan shekara bakwai da ɗan goma sha biyu, mudu ɗaya aka auna musu.

Duk wanda ya leƙa bokitin shara bayan an watse ya san inda ganye da kokwamba suke ƙarewa. Kuma ba ƙoshi ne ya jawo haka ba. Binciken UNICEF na 2018 a irin waɗannan benaye ya nuna kashi 12 cikin ɗari na yaran ba sa samun abinci sau uku a yini. Mai yunwa ma yana da abin da cikinsa ba ya karɓa. Akwai Bamalaye, akwai ɗan Sin, akwai Ba'indiyen da gidansu ba a taɓa naman shanu, kowa da irin tukunyar da ya tashi a kanta.

Hukumar shara ta ƙasar, SWCorp, ta ce ana zubar da abinci fiye da tan 16,000 a kullum, kusan rubu'insa mai ciwuwa ne. Akwai hanyar rage irin wannan ɓarna a makaranta: a Amurka an daɗe da barin ɗalibi ya ƙi abu biyu cikin biyar da aka gabatar masa, muddin ya ɗauki ganye ko 'ya'yan itace. Ni ina ganin wannan shi ne daidai, kuma ba ya buƙatar sabon kasafi. A bar abinci a tukunya, a tambayi yaro: cokali ɗaya ko biyu, ayaba ko kankana? Abin da bai taɓa faranti ba yana nan da tsabtarsa, babban yaron da bai ƙoshi ba ya dawo a ƙara masa.

Masu dafuwa za su ce layi zai yi tsawo, ƙararrawa kuma ba ta jira. Gaskiyarsu ne. Amma su ɗin ne suke sallamar layin masu kuɗi kullum cikin 'yan mintuna, suna tambayar kowa abin da yake so. Tambayar nan ce kawai ɗan RMT bai samu ba tukuna.