Abin Da Ya Sa Ƙafa Ke Bin Ganga

Kowa ya san in an buga ganga kusa da mutum, ko da yana tsakiyar wani aiki, sai a ga yatsan ƙafarsa na motsi, ko kansa na kaɗawa, shi kuwa bai ma sani ba. Mun saba ganin haka har mun daina mamaki, alhali kuwa abin mamaki ne. Ganga fata ce da icce, amonta kuwa iska ce kawai da ta girgiza ta shiga kunne. To, yaya iska za ta ɗaga ƙafar mutum ba da izininsa ba? Masu binciken halin ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, ga kuwa abin da suka gano.

Abin da ya raba kiɗa da hayaniya shi ne tsari, watau bugu yana komowa a kan lokacinsa. Da ƙwaƙwalwa ta ji bugu uku ko huɗu, sai ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta san lokacin da na gaba zai sauka tun makaɗi bai buga ba. Dubi 'yan mata a dandali. Tafinsu yana sauka tare da bugun kalangu daidai wa daida. Da jira su ke yi su ji bugun sa'an nan su tafa, da kullum a makare tafin zai zo. Ashe mai sauraron kiɗa ba zaune ya ke kurum ba, ƙwaƙwalwarsa tana gaba, tana tarbar abin da ke zuwa.

Wannan hali kuwa ana ganin alamarsa tun daga ɗakin jego. A shekarar 2009 waɗansu masana a ƙasar Hangari suka manna wayoyin awo a kawunan jarirai 'yan kwana biyu zuwa uku, suka sa musu kiɗa suna barci. Can sai a tsallake babban bugu guda, a bar gurbinsa shiru. Duk sa'ad da aka yi haka sai awon ya nuna ƙwaƙwalwar jaririn ta lura an rasa wani abu da ta ke jira. Kafin wannan, a shekarar 2007, Jessica Grahn da Matthew Brett a Kambirij ta Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗa a kwance, ba su motsa ko yatsa ba. Suka tarar sassan da ke sarrafa motsin gaɓoɓi sun tashi aiki. Watau jiki ya kan shirya rawa tun mai shi bai yanke shawara ba.

Daɗin kiɗa ma daga wannan jiran ya ke fitowa. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da a ke kira dofamin, wanda ke fita sa'ad da mutum ya sami abin da ransa ke so, kamar abinci ga mai yunwa. A shekarar 2011 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna yana fita in mutum ya saurari kiɗan da ya ke ƙauna. Har ila yau suka ga wani kashi nasa yana fita tun kafin a iso wurin da ya fi daɗi cikin waƙar. Gwanayen makaɗa sun san wannan ko ba su san sunansa ba, shi ya sa su kan ja mana rai, su jinkirta, sa'an nan su saki.

Daga wannan tushe guda amfani uku ke tsirowa. Na fari, sauƙaƙa aiki. Kakanninmu ba su jira masana ba. In an yi gayya, a kan kira mai gangar noma, garemani su tashi tare su sauka tare, rago ya ji kunyar a bar shi baya. Mata kuwa su kan yi lugude, taɓare biyu ko uku cikin turmi guda, ba wadda ke bugun 'yar'uwarta, domin kowace ta san lokacinta. Dalili shi ne, in hannu ya sami ma'aunin da zai bi, ba ya ɓarnar ƙarfi, hankali kuma ya kan bar gajiya ya koma ga kiɗan. Turawan Ingila ma sun yi irin wannan dabara lokacin yaƙin duniya na biyu. Ranar 23 ga Yuni 1940 gidan rediyon BBC ya soma wani shiri na kiɗa saboda ma'aikatan masana'antu, rabin sa'a kowane karo, aka ci gaba da shi har 1967. Sharaɗinsa kiɗan ya tafi bai ɗaya, kada ya yi sanyi, kada ya yi ta sauyawa.

Na biyu, magani. Akwai ciwon karkarwa da likita James Parkinson ya bayyana a shekarar 1817, wanda a ke kira da sunansa. Mai wannan ciwo ya kan riƙa jan ƙafa da gajeren taku, wani lokaci ya kafe wuri guda, domin sashen ƙwaƙwalwa da ke auna lokacin motsi ya sami rauni. A shekarar 1996 Michael Thaut da abokan aikinsa a Amurka suka sa irin waɗannan marasa lafiya su riƙa tafiya kowace rana bisa kiɗa mai bugu daidaitacce. Bayan mako uku saurin tafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kiɗan bai warkar da ciwon ba, amma ya ara musu ma'aunin da suka rasa a ciki.

Na uku, haɗa zukata. A shekarar 2010 a birnin Leipzig na Jamus aka gwada yara 'yan shekara huɗu, bibbiyu. Waɗansu suka yi wasa da waƙa da rawa tare, waɗansu suka yi wasan nan ba waƙa. Daga baya aka shirya yadda kayan wasan ɗaya daga cikin kowane biyu za su zube ƙasa. Yaran da suka yi waƙa tare sun fi tsayawa su taimaki abokinsu. Wannan ya nuna mana abin da ya sa soja ke da badujala, kowace ƙasa kuma ke da takenta. Waɗanda suka motsa tare su kan ji kamar su ɗaya ne.

Amma fa, 'yan'uwa, a nan ne ya kamata mu yi hattara. Ganga ba ta zaɓen inda za ta kai mutum. A shekarar 1982 Ronald Milliman ya gwada kiɗa a wani babban kanti a Amurka. Ranakun da aka sa kiɗa mai sanyi, masu saye suka riƙa tafiya a hankali, ciniki kuwa ya fi na ranakun kiɗa mai sauri da kashi 38 cikin 100. A nan gida ma mun san yadda ɗan dambe ke tsuma in an buga takensa, ya shiga fili wurin wanda ya fi ƙarfinsa. Mun san mutumin da maroƙa za su wasa, ya tuɓe riga ya bayar, ya koma gida babu na cefane. Ƙarfin da ke gama gonar gayya kafin azahar shi ne kuma ke tura samari faɗa in aka zuga su da waƙar zambo. Ko a wajen karatu haka ne. An gwada an gani, waƙa mai kalmomi tana rage fahimtar mai karanta littafi, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙin bin ta, sai hankali ya rabu biyu.

Saboda haka ba mu ce a guji kiɗa ba, ba mu kuma ce a sakankance da shi ba. Mu da za a danƙa wa yara nan gaba, ya kamata mu san lokacin da waƙa za ta taimake su, kamar wajen motsa jiki da aikin gayya, da lokacin da shiru ya fi. Ya kamata kuma mu koya musu, in sun ji jikinsu na tsuma, su tsaya su tambayi kansu wa ke riƙe da gangar nan, ina kuma ya ke son kai su. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne, amma mai hankali ya kan san kiɗan wa ya ke taka wa. Allah ya sa mu gane.